Shafin Dambun Namana da Mabuɗinsa

Dambun nama nake yi. Maigidana mahauci ne a nan Garwa, kullum da hantsi yakan aiko mini da tsoka marar kitse daga mayanka. In dafa ta da albasa da citta har ta yi laushi, in daka a turmi, in soya a wuta kaɗan-kaɗan ina juyawa har ruwan jikinta ya ƙone, sannan in zuba a robobi masu murfi. Matafiya ne suka fi saya, masu shiga mota zuwa Ngaundere su hau jirgin ƙasa, da iyayen da ke aika wa 'ya'yansu 'yan jami'a abin da zai yi wata bai lalace ba. A hannun Innata na koya, ita ma a hannun tata uwar.

Ina da ƙawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu a Jambutu, kuma wata biyu ne tsakanin haihuwarta da tawa. Tare aka sa mu a makaranta. Ni a aji huɗu na tsaya, na iya haɗa baƙi, Faransancina kuwa na kasuwa ne da na asibiti. Ita ta wuce har ta gama lise, wato babbar sakandare, ta ƙara shekara biyu tana koyon kwamfuta. Duk da haka a gidanmu take yini in ba makaranta. Ta zauna kusa da Inna a madafa, ta miƙa hannu a ba ta ɗanɗano, ta yi ta tambaya. Inna takan ce da ni in dubi yadda 'yar mutane ke da kunnen koyo. Yanzu tana da shago kusa da tashoshin manyan motoci, tana sayar da turaren wuta da humra da atamfa, da fanka a sama da labule mai ruwan zuma.

Ranar sunan 'yata ta biyu, mata suka yi ta shigowa da sabulu da zannuwa da kayan jarirai. Ƙawata ta zo da hannu sake, sai jakarta. Har na ga wata gwaggona tana bin hannun da ido. Ta zauna a bakin gado, ta karɓi wayata, ta danna abin da za ta danna, ta juyo mini da ita. Sai ga hoton robobina a jere, ga sunan sana'ata a sama da manyan baƙaƙe, ga lambar wayata a ƙasa. Ta ce wannan shi ne barkarta, ta buɗe mini shafi a intanet, ko a Duwala mutum yake zai ga dambuna. Mata suka yi caa a kan wayar, ana miƙa ta hannu zuwa hannu, wata har da guɗa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma na lura duk wadda ta gama kallon wayar, fuskar ƙawata take kallo, ba tawa ba. A ranar an fi yi mata addu'a fiye da ni mai jego.

Bayan na yi arba'in ta zo ta nuna mini yadda zan shiga in canza hoto, in rubuta farashi. Na riƙe. Duk sabuwar suya sai in ɗauki hoto a bakin taga inda haske yake, in ɗora.

Ba a yi wata shida ba ta gaya mini, tana dariya, cewa ita ma ta fara dambu. Wai masu zuwa sayen turare ne suke ta tambaya ko akwai abin guzuri, ta ga bai kamata ta riƙa mayar da su ba. Na ce Allah ya sa albarka. Na faɗa da bakina, amma da ta tafi na daɗe zaune riƙe da taɓarya ban daka komai ba.

Wata Hajiya ce ta tayar mini da hankali gaba ɗaya. 'Yar Garwa ce da ke aure a Yawunde, duk zuwanta ganin gida takan sayi roba biyar ko shida. Ta zo ta ce wayarta ta ɓata da lambata a ciki, ta rubuta dambun nama da sunan garinmu a wurin bincike don ta same ni, ba ta gan ni ba, sai wata mai shago a tasha, ita ta aika mata sau biyu. Ta ce bai kai nawa ba, amma mutum ya yi yaya. Tana fita na ɗauki waya na rubuta abin da ta ce ta rubuta. Shafin ƙawata ne na farko. Ta zuba dambun a farin faranti, ta yanka tumatir da albasa ta kewaye shi, robobinta da takarda bugaggiya a jiki. Na ƙura wa hoton ido. Dambun ya yi duhu, wuta ta yi masa yawa, kuma daga ƙyallinsa na san ba ta tsane mai ba, irin wanda bayan sati biyu zai fara wari. Na yi ta jan yatsa ƙasa ina neman nawa, na wuce masu sayar da kilishi, na wuce wani mai gasa kifin Lagdo, na wuce abubuwan da ba su da alaƙa da nama sam. Ban ga kaina ba.

Wani zai ce me ya hana ni tambayarta, tunda ita ta buɗe. A gidanmu ba a komawa wurin wanda ya yi maka kyauta a ce kyautar ba ta cika ba. Na taɓa ganin an kawo wa Inna zane wanda bai kai ɗauri ba, ta yi godiya har ƙasa, ta haɗa shi da wani ƙyalle ta ɗaura, mai kyautar ba ta taɓa ji ba har ta rasu. Wannan dalili ɗaya ne. Na biyun ban gaya wa kowa ba a lokacin. Zuciyata ta riga ta ce da ni da gangan ta danne nawa don nata ya hau.

Akwai wata mata mai sakatariya kusa da makarantar firamare ta unguwarmu, tana buga takardu da fotokofi. Daga kudu take, ta manyanta, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa, ni kuma Faransancina ba ya tafiya nesa, don haka a Fillanci muke haɗuwa. Na goya 'yata na je na yi mata bayani, ban ambaci ƙawata ba. Ta ce kamfanin da ke da wurin binciken yana da wani ofis a cikin intanet na masu shafuka, in ka shiga zai nuna maka ko ya san da shafinka, ya gaya maka abin da ke hana shi fitowa, har ka roƙe shi ya zo ya duba. Amma ba zai buɗe maka komai ba sai ka nuna masa shaidar cewa shafin naka ne. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, nawa ne, duk unguwa ta sani.

Ta shiga da adireshin imel ɗina a wayata, ta rubuta sunan shafin. Sai wani dogon layi ya fito, baƙaƙe manya da ƙanana da lambobi a cakuɗe, ba kalma ko ɗaya da za ka karanta. Ta ce wannan ce shaidata, tawa ni kaɗai. Ranar kuwa shagon cike yake da masu haɗa takardun jarrabawar neman aiki, gobe ake rufe karɓa, kowa yana miƙo hannu ta saman kaina. Madam ta miƙo mini wayar ta ce in je in sa wannan layin a cikin shafina, in dawo wannan wurin a wayar in danna wannan maɓallin, shi ke nan. Ta juya wurin injinta.

Na dawo gida ina ta tunani a hanya. A kasuwa, duk mai shago yana da takardar patanti, ta haraji, yakan sa ta a leda ko a gilashi ya rataye a bango inda in ma'aikata sun shigo za su gani ba sai sun tambaya ba. Ƙawata ma tata tana nan sama da teburinta. Na ce to ai shi ne. Na ɗauki hoton fuskar wayar da layin a jiki, na yanke gefe-gefensa tsaf, na ɗora shi a shafina a tsakiyar hotunan dambu. Na koma na danna maɓallin. Wani abu ya yi ta juyawa, sannan rubutu ya fito da ja. Ban iya karanta shi duka ba, amma na gane kalma ɗaya, wadda muke kiran mai gidan haya da ita, na kuma gane alamar a'a a gabanta. Wato dai bai yarda ni ce mai shi ba.

Na ce wataƙila hoton ya yi ƙanƙanta. Na ƙara masa girma. Ja. Na ce wataƙila bai gan shi ba don yana tsakiya, na ɗauke shi na kai can sama, har ya rufe sunan sana'ar. Ja. Na ce ko rezo ne, sabis ɗin waya, na fita ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya inda ya fi ƙarfi. Kwana uku ina wannan. Yarinyar tana haƙori a lokacin, ba ta yarda a ajiye ta, ga zawo, ga ni da waya a hannu ɗaya da muciya a ɗaya. A rana ta uku na tsaya kallon abin nan mai juyawa har ƙauri ya tashi. Tunda na fara sana'a ban taɓa ƙona tukunya ba sai ranar.

Maigida ya dawo cin abincin rana ya tarar ina kankarar tukunya ina share hawaye da gefen zane. Ya tambaya, na gaya masa duka, na ce ma ina tunanin in ɗauki hoton katina na ɗan ƙasa in ɗora kusa da layin, tunda shi da hotona da sunana. Ya ajiye loma ya ce kada in kuskura, katin mutum ba abin shanyawa a titi ba ne. Sannan ya karɓi wayar ya kalli hoton nan ƙato a saman dambuna, ya yi murmushi.

“Ke, a mayanka likitan dabbobi a jikin naman yake buga hatimi. Da a takarda yake bugawa a rataye, da kowa ya rataye a kan mushe.”

Na ce to ni ina ne jikin naman? Ya ce wannan kuma sai malamai, shi sa da tunkiya ya sani. Ya ƙara da cewa me ya sa ba zan je wurin ƙawata ba, minti biyar ta gama. Na ce ba na son in dame ta. Ya dube ni irin duban wanda ya gane amma ba zai faɗa ba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na koma wurin Madam ranar da shagon ya yi sauƙi. Ta sa tabarau ta buɗe shafin, ta ga abin da na yi. Dariya ta kama ta har ta dafa tebur, amma da ta ga fuskata sai ta haɗiye, ta ce laifinta ne da ba ta zauna ta nuna mini ba. Ta ce mai duba shaidar ba mutum ba ne mai ido, inji ne, ba ya kallon hoto. Wuri uku yake leƙawa, dukkansu ta baya suke inda baƙo ba ya shiga, shi ya sa duk wanda ya iya ajiye layin a can aka san shi ke da gida. Ta goge hoton, ta ce mu bi su ɗaya-ɗaya.

Na farko, a sauko da wani ɗan fayil a ajiye shi a rumbun shafin. Ta shiga da mabuɗin da nake shiga da shi, ta duba ko'ina, babu ƙofar rumbu. Na biyu, a manna layin a cikin rubutun da ke bayan shafin, can a kansa, wanda masu kallo ba sa gani. Nan ma ba hanya. Ta cire tabarau ta ce mabuɗin da aka ba ni na mai shara da jera kaya ne, yana buɗe falo, ba ya buɗe ɗaki. Saura na uku, wurin da aka sayi sunan shafin, don ashe sunan ma sayensa ake yi a wani kamfani daban, kuma a can ake da littafin da za a rubuta layin. Ta tambaye ni wa ya saya mini sunan. Na hau wasa da gefen zanena. Ta sake tambaya. Na ce wata ƙawata ce, kyauta ta yi mini. Madam ta ce to mabuɗin yana hannunta, ba wata dabara, ko ita da ta shekara ashirin a gaban kwamfuta ba za ta iya tsallake wannan ba.

Na fito rana tana dukana, na ji kamar an tabbatar mini da abin da nake zargi. Falo ƙawata ta ba ni ta riƙe ɗaki. A gaban mata ta ce shafina ne, aka yi mata guɗa.

Kwana tara na yi ban je wurinta ba. Kullum da safe in ce yau, in yi wanka in shirya, sai in ga ai yarinya ba ta jin daɗi, ko nama ya zo da yawa. A cikin kwanakin nan ba abin da ban saƙa ba. Na ga ta tana dariyata ita da mijinta. Na ga ta tana nuna wa baƙi shafina tana cewa ku dubi aikin wadda ba ta yi boko ba. Ko sallah nake yi sai farin farantin nan da tumatir ya faɗo mini. Wata rana har na buɗe hotonta na biki na yi ta kallon hannunta, lallenta bai taɓa sanin turmi ba, na kalli nawa da kanta a tafin.

A rana ta goma na yi suya ta musamman. Na zaɓi cinya, na tsane man sau biyu, na cika roba. Ba a zuwa da hannu sake, wannan gaskiya ne, amma ni na san so nake ta ɗanɗana ta ji bambanci. Na goya yarinya na hau moto, babur ɗin haya, zuwa shagonta.

Tana ganina ta taso. “Matar mahauta, yau an tuna da talakawa?” Ta kwance mini goyo da kanta, ta ɗaga yarinyar sama tana yi mata wasa, ta ce ta yi kama da Inna sak, har goshin. Ta aika aka kawo mini ruwan zoɓo mai sanyi. Ta buɗe robar ta ɗiba ta sa a baki, ta lumshe ido, ta ce hannun Inna bai mutu ba. Na so ta ƙara wani abu a kai, ba ta ƙara ba. Na kalli kantar da ta jera nata robobin, sun kai talatin, an ɗaure wasu a leda da sunayen garuruwa a jiki, Marwa, Tibati, Kuseri.

Muka gama gaishe-gaishe, na tambayi mijinta, ta tambayi nawa, na rasa ta inda zan fara. A ƙarshe na fito da waya na nuna mata layin, na ce wai ana so a sa shi a inda aka sayi suna. Ta ce au, wannan ne, don me ban faɗa tun tuni ba. Ta ɗora yarinyar a cinya, ta jawo kwamfutarta, yatsunta suna gudu ba ta ko kallonsu. Ta ce in tura mata layin, na tura. Wani shafi ya buɗe mai layuka-layuka kamar kaye, littafin rubutu na makaranta, ta ƙara sabo a ƙasa ta manna nawa.

Karatuna bai yi nisa ba, amma idona yana riƙe kamannin abu. Kusan sati biyu ina kallon farkon layin nan. Sai na ga wani a samansa, farkonsu iri ɗaya, ƙarshen ne ya bambanta. Na sa yatsa a kai.

“Wannan na saman fa, na wane ne?”

“Nawa ne,” in ji ta. “Tun ranar da na buɗe na sa shi, don in riƙa duba lafiyar shafin.”

Na tambaye ta me mutum yake gani in ya shiga. Ta ce yana ganin ko akwai matsala, da yawan waɗanda suka leƙo, da abin da mutane suke rubutawa in suna nema. Ta ce shafina yana nan, ba wai babu shi ba, amma yana can ƙasa inda ba mai kaiwa, don hotuna kawai nake zubawa ba rubutu, injin kuwa rubutu yake bi. Ta ce ta so ta gaya mini, amma tunda ta fara dambu na daina ɗaga wayarta da wuri, in na ɗaga ma sai e da a'a.

Fanka tana juyawa a sama. Na ce da ita, kafin ta fara nata, ta ga mutane suna neman dambu a ciki? Ta gyara wa yarinyar hula, ta daɗe tana gyarawa.

“Na gani.”

“Da yawa?”

“Da yawa, ƙawalli. Suna nema ba sa samun kowa.”

Ta ce in danna maɓallin mu gani. Na danna. Ja ya fito, a gabanta. Ta ce kada in damu, sabon layi yakan ɗauki lokaci kafin labarinsa ya bazu, wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci sai an kwana. Na ce to. Na karɓi 'yata na goya. A kan moto ina jin iska tana busar mini da ido, na yanke a raina cewa wasa ta yi da hankalina, ta manna shi a inda ba zai yi aiki ba, ta san ba zan gane ba.

Washegari bayan na yi wa yara wanka na ɗora nama a wuta, na danna ba da wani fata ba. Sai kore. Ƙaramin akwati kore da alamar daidai a ciki. Na zauna a kan turmi. Ba ta yi mini ƙarya ba, kuma abin mamaki hakan bai sanyaya mini rai ba, sai ma ya ƙara mini wani ɗaci, don da ta yi ƙaryar da na sami abin riƙewa.

Na kai wa Madam ta karanta mini. Ta taya ni murna, ta tura roƙo a zo a duba shafin, ta ce in fara rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto ko da layi biyu ne, ta kuma gargaɗe ni cewa shaidar nan ba ita ke hawar da shafi sama ba, ƙofa kawai ta buɗe mini. Sannan ta nuna mini wurin da aka jera masu shafin. Mu biyu ne, adireshinta a sama, nawa a ƙasa. Na tambaya ko zan iya cire na saman. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce zan iya, amma muddin layinta yana cikin littafin can, duk ranar da ta so za ta dawo, kuma sunan shafin kansa har yanzu a hannunta yake. In ina so ya zama nawa ni kaɗai, sai ita ta goge layinta da hannunta, ta mayar da sunan wurina. Ta ƙara da cewa in yi tunani, samun mai duba maka irin wannan abu ba tare da ka roƙa ba ba ƙaramin abu ba ne.

Ban yi tunanin ba. Ko gida ban koma ba, na tari moto zuwa shagon ƙawata.

Ta ga koren ta tafa hannu, ta ce ai ta gaya mini. Na tsaya ban zauna ba. Na ce na gode da kyautarta, Allah ya saka, amma ina so ta cire layinta, ta ba ni sunan a hannuna. Akwai mata biyu suna shinshina turare a gefe, suka yi kamar ba su ji ba.

“Kin san abin da kike cewa kuwa?”

“Na sani.”

“Ni kike tsoro a kan shafin da na buɗe miki?”

“Ba tsoro ba ne. So nake abin da ake nema a wurina ni kaɗai in gani.”

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta sallami matan, ta zauna. Ta goge layinta a gabana, ta juyo kwamfutar don in ga ya tafi. Ta buɗe mini wuri da adireshina a kamfanin sunan, da aka zo zaɓen kalmar sirri ta tura mini kwamfutar ta juya fuskarta bango har na gama lalube da yatsa ɗaya. Ta tura sunan can. Ta ba ni babban mabuɗin shafin, ta ce in canza shi in na je gida. Ta ce duk shekara ana sabunta sunan, saƙo zai zo mini da Faransanci, in na bari lokaci ya wuce wani zai iya ɗauke shi. Duk wannan da murya ɗaya ta faɗa, irin wadda take gaya wa baƙo farashin atamfa. Ta shafa kan yarinyar a bayana. Tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba ta raka ni ba, ko zuwa bakin titi ne, muna tafe muna ƙarasa zance. Ranar tana zaune ta ce in gaida gida.

Yanzu suna ɗaya ne a jerin. Nakan buɗe in kalle shi. Na rubuta bayani a ƙarƙashin hotuna da Hausata, Madam ta ƙara mini na Faransanci, shafin ya ɗan taso, wanda ya yi haƙurin jan yatsa sau biyu zai same ni. Nata yana nan a farko. Mukan haɗu a biki mu gaisa, ta ɗauki yarinyar, ta tambayi Baban yara, ba ta ƙara ce mini matar mahauta ba.

Shekaranjiya wani saƙo ya shigo daga ofishin masu shafukan, da alamar ruwan ɗorawa a gefensa, dogo, na gane kalma uku a ciki. Madam ta tafi garinsu jana'iza, an ce sai bayan sati biyu. Na nuna wa maigida, ya ce shi bai ga sa ko tunkiya a ciki ba, ya ce kuma na san inda zan kai shi. Na san ɗin. Moto ɗaya ne, kuma a numfashi ɗaya ƙawata za ta karanta. Na kife wayar a kan firji na koma wurin turmina, ina jiran Madam ta dawo.